Fashin baƙi: abin da ke faruwa da hoto idan aka shimfiɗa masa kaushi

Wani hoton idan ka gan shi a waya sai ka ji kamar ka kai yatsa ka shafa. Ka san gilashi ne a gabanka, sumul, amma idonka na gaya maka cewa takardar nan tana da gautsi, ko kuwa hoton ya shekara da shekaru a ƙasan akwati har gefensa ya ci. Galibi ba kyamara ce ta ɗauko wannan ba. Hoto na biyu aka ɗora a kan na farko, hoton tsohuwar takarda, ko tsatsar ƙarfe, ko saƙar yadi, ko tsagewar siminti, aka sa su biyun suka gauraya. Sunan da za ka gani a manhajojin gyaran hoto shi ne Texture. Ni kaushi nake ce masa, don shi ne abin da ido ke ji.

Aikin yana da sauƙin farawa, yana da wuyar kyau. Cikin minti biyu ɗan koyo zai iya jawo hoton bango ya ɗora a kan fuskar mutum, ya rage masa ƙarfi, ya ce ya gama. Shi ya sa intanet ta cika da hotunan da suka yi kama da an zuba musu ruwan kwata. Tushen matsalar ɗaya ne: mutane na ɗaukar kaushi kamar sitika da ake mannawa a saman hoto, alhali lissafi ne manhaja ke yi da hasken hoton, ɗigo bayan ɗigo. Wanda ya fahimci lissafin zai san tun kafin ya taɓa komai inda kaushin zai kama da inda zai ɓata.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu ɗaukar hoto a Turai da Amurka da suka ga hoton kyamara ya cika santsi, suka riƙa wanke shi a kan takarda mai kaushi don ya yi kama da zanen hannu. A shekarun 1930 William Mortensen a Amurka ya yi suna wajen ɗora wani falle mai zane-zane a kan takardar hoto a ɗakin wankin hoto, haske ya ratsa ta cikinsa ya bar sawunsa. Da Photoshop ya fito a 1990 ba shi da tsarin falle-falle, duk abin da ka yi wa hoto ya zauna ke nan. Sai a 1994, da fitowar Photoshop 3.0, aka samu damar jera hotuna wani kan wani, kowanne da zamansa, ka kashe wannan ka kunna wancan. Yau manhajojin gyaran hoto irin su GIMP da Krita da Affinity da Photopea duk a kan wannan tsari suke.

To, mu shiga cikin hoton. Kowane ɗigo, wato fiksel, lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi. A hoto na yau da kullum kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Sifiri baƙi ne ƙirin, 255 fari fat, 128 kuma ruwan toka na tsaka-tsaki. Idan ka ɗora falle a kan falle, a kowane gurbi manhaja tana da lamba biyu, ta ƙasa da ta sama, kuma dole ta fito da guda ɗaya ta nuna maka. Ƙa'idar da za ta bi wajen haɗa su ita ce salon gauraya, kuma a nan duk sirrin yake. Salon sun haura ashirin a Photoshop, amma mai aikin kaushi huɗu yake rayuwa da su.

Na farko Multiply, wanda ninka lambobin biyu yake yi ya raba da 255. A ce ɗigon hotonka 200 ne, na kaushin 128, sakamako zai faɗo kusan 100. Idan na kaushin fari ne, 255, hotonka zai zauna a 200 ɗinsa kamar ba a ɗora komai ba. Ma'ana wannan salo ba ya ganin fari, kuma ba ya taɓa haskaka abu, duhu kawai yake ƙarawa. Ya dace da tabon tawada, da karyewar takarda, da ƙonewar gefe, duk wani kaushi da yake baƙi a kan farin fili. Screen kuwa kishiyarsa ne: baƙi ne ba ya gani, haske kawai yake ƙarawa. Wancan ɗigo na 200 idan ya haɗu da 128 a Screen zai haura wajen 228. Da shi ake sa ƙura, da karce-karcen tsohon fim, da hayaƙi, da ɗigon ruwa, duk abin da aka ɗauka yana haske a kan baƙin fili.

Sauran biyun, Overlay da Soft Light, su ne aka fi amfani da su kuma su aka fi jahilta, don haka bari in ɗan tsaya a kansu. Overlay yana duba hoton ƙasa. Inda ya fi rabi duhu sai ya bi hanyar Multiply, inda ya fi rabi haske sai ya bi ta Screen, kowanne da ninki biyu. Launin da ba ya gani shi ne ruwan toka na tsakiya. Duk abin da ya fi 128 haske a kaushin zai haskaka hoton, wanda ya gaza 128 zai duhunta shi. Amma ba daidai wa daida yake taɓa ko'ina ba, kuma wannan ne abin da ba a cika gaya wa masu koyo ba. Ɗauki ɗigon kaushi mai lamba 180. Idan ya sauka a kan wuri mai haske sosai, kamar 250, zai matsar da shi zuwa 252 kacal. Idan ya sauka a cikin inuwa mai 40, zai kai ta 56. Idan kuwa ya sauka a kan 128, cak zai ɗauke shi ya kai 180. Nan taki biyu, can taki goma sha shida, a tsakiya taki hamsin da biyu. Ke nan Overlay yana ƙyale fari da baƙi, ya far wa tsakiya da dukkan ƙarfinsa. Me ke zaune a tsakiyar hasken hoton mutum? Fatarsa. Abin da ya sa ke nan kake ɗora kaushi don bayan hoto ya yi kyau, sai ka tarar farar riga ba ta ji komai ba, baƙin gashi bai ji komai ba, kunci da goshi ne suka kwashi kashinsu a hannu.

Soft Light ɗan'uwansa ne mai sanyin hali. Shi ma ba ya ganin ruwan toka, amma turin da yake yi bai kai na Overlay ba, kuma ba ya saurin ƙona wuri. A hoton mutum da shi nake farawa, sai in ya gaza nake matsawa gaba. Sai dai a kula, lissafinsa ba iri ɗaya ba ne a kowace manhaja. Haka kuma tun daga GIMP 2.10 na 2018, wannan manhaja tana da sababbin salon gauraya da kuma tsofaffi da ta ajiye a gefe, kuma sakamakonsu ya bambanta. Don haka idan ka bi darasin wani lamba da lamba amma hotonka bai fito kamar nasa ba, ba lallai kuskurenka ba ne.

Akwai wani hoton dattijo da na taɓa yi wa aiki, shi ne ya zaunar mini da duk wannan a ka. An ɗauke shi a gaban bango fari sol, haske na shigo masa ta hagu, fuskarsa cike da tamoji irin wanda shekaru ke rubutawa. Bangon ya yi fayau, sai na ce bari in ba shi rai da hoton tsohon siminti mai tsage-tsage. Na ɗora, na zaɓi Overlay, na ja baya ina jin daɗi. Da na matso da hoton sai na ga wata tsaga ta taso daga girarsa ta dama, ta ratsa ƙwayar ido, ta gangara har gefen baki, kamar an sare shi. Farin bangon da na yi aikin dominsa kuwa ko gezau. Na juya zuwa Multiply, bango ya kama, amma gefen fuskarsa da ke inuwa ya nutse: fatar da ke wajen 60 ta koma 30, tamojin da ya sa hoton ya zama hoto ya ɓace a cikin duhu. Wannan ya fi shafar mai duhun fata, domin lambobinsa tun asali suna ƙasa, rabi kaɗan aka cire sai bayanin fuskar ya tafi.

Maganin shi ne mayafin falle, wanda manhajoji ke kira Layer Mask. Fili ne fari da baƙi da ke manne da kaushin: inda ka shafa baƙi kaushin ya ɓuya, inda ka bar fari ya bayyana, ruwan toka kuma rabi da rabi. Amfaninsa a kan magogi shi ne ba ya share komai, in ka wuce gona da iri sai ka juya burushi zuwa fari ka dawo da abinka. To amma a nan ma akwai rami na biyu, kuma kusan kowa sai ya faɗa. Za ka share kaushin daga fuska gaba ɗaya, sai fuskar ta fito tas, launinta daban, haskenta daban, kamar an yanko ta daga wani hoto an liƙa. Dalili kuwa kaushin ba zane kaɗai ya kawo ba, ya kawo launi da nauyin haske, kai kuma ka cire duka ukun. Abin da nake yi shi ne, a kan fallen kaushin kansa, sai in zagaye gurbin fuska in dusar da shi sosai da Gaussian Blur har tsage-tsagen su narke. Launi da haske suna nan, zanen ne kawai ya tafi. Ko kuma in shafa mayafin da burushi mai laushin baki, mai ƙarfin kashi 20 ko 30 cikin 100, ina maimaitawa a hankali, ido da leɓe su fita tsaf, kunci ya riƙe ɗan kaɗan, kafaɗa ta riƙe fiye da haka.

Batun launi gajere ne. Tsatsa ja ce, tsohuwar takarda rawaya ce, kuma za su rina maka hoto ko ka so ko ka ƙi. In rinin kake so, madalla. In ba haka ba, cire wa kaushin launi ya koma fari da baƙi tun kafin ka gauraya, sannan ka gyara haskensa har yawancinsa ya zauna kusa da 128. Tacewar High Pass tana yin wannan a taki ɗaya: tana mayar da faffaɗan wurare ruwan toka, ta bar ƙananan zane kaɗai.

Abin da ya fi wuyar koyarwa, don ba maɓalli ba ne, shi ne yanke shawarar mene ne kaushin nan yake ikirarin zama. Hanya biyu ce. Ko dai yana cewa shi ne takardar da aka buga hoton a kai, ko yana cewa shi wani abu ne a cikin hoton, kamar bangon da ke bayan mutum. Idan takarda ce, dole ya rufe ko'ina bai ɗaya, ba ruwansa da nesa ko kusa, kuma ya zama siriri. Idan bango ne, to sai ya bi dokar wurin: ya tsaya a bayan mutum, ya dusashe in kyamara ta dusar da bayan, ya karkata in bangon a karkace yake. Hotunan da ke damun ido ba tare da ka san dalili ba, yawanci sun tsaya ne a tsakani, bango mai kaifi tar a bayan mutumin da kafaɗarsa ma ta fara dusashewa.

Sannan haske. Kaushi ba komai ba ne illa ƙananan tuddai da ramuka, kuma inuwarsu ce ke sa a gan su. Kowane hoton kaushi yana ɗauke da shaidar inda rana take lokacin da aka ɗauke shi. Idan hasken dattijona daga hagu yake, inuwar tsagewar simintin kuma tana nuna haske daga dama, mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma zai ji hoton bai kwanta masa ba. Gyaran daƙiƙa ɗaya ne, ka juya kaushin hagu ya koma dama. Wahalar ita ce ka saba da dubawa.

Girma ma haka. Saƙar yadin da zarenta ya kai faɗin yatsan mutumin da ke hoton ta tashi daga yadi ta koma raga. Kuma kar ka ja ƙaramin kaushi ka buɗe shi ya rufe babban hoto. Kyamarori da yawa yau suna ba da hoto mai fiksel 6000 a tsawo, in ka shimfiɗa masa kaushi mai 1000 ka ninka shi sau shida, kaifinsa ya tafi, dafi-dafi kawai zai rage. In bugawa za a yi, ma'aunin da aka saba shi ne fiksel 300 a kowane inci, ke nan faɗin inci 10 yana buƙatar fiksel 3000 na gaske, daga hoton har kaushinsa. Jera ƙarami sau da yawa ma ba mafita ba ce, sai in an ƙera shi don haka, domin ido yana da saurin kama tabo ɗaya da ke ta maimaita kansa.

Akwai nau'in kaushi guda da nake ware wa matsayi na daban, wato ɓarɓashin fim. A fim na da, ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa ne ke kama haske, kuma fim mai saurin kama haske ƙwayoyinsa sun fi girma, shi ya sa hotunan da aka ɗauka da irin su Kodak Tri-X suke da wannan yashi-yashin da mutane ke so. Ana ƙara shi yau don kwalliya, amma yana da aikin da ya wuce kwalliya. Matakan haske 256 ne kacal a kowane launi, saboda haka sararin sama da ke sauya launi a hankali yakan fito da ratsi-ratsi kamar matakala, musamman bayan an matsa wa hoto da gyara. Ɗan ɓarɓashi kaɗan yana farfasa bakin matakalan har ido ya daina ganinsu. Yana kuma ɗinke hotunan da aka haɗa daga kyamarori daban-daban su zama kamar ɗauka ɗaya. Yadda ake yi: ka buɗe sabon falle, ka cika shi da ruwan toka na tsakiya, ka sa shi a Overlay ko Soft Light ya ɓace, ka zuba masa ɓarɓashi marar launi, ka ɗan dusar da shi don kar ya yi kaifi irin na kwamfuta. Shi ne zai zama falle na can sama, kuma aiki na ƙarshe bayan ka gama rage girman hoton.

Na ce bayan rage girma saboda ɓarɓashi ba ya jure tafiya. Tsarin JPEG, wanda aka kafa a 1992, yana yanka hoto gida-gida, fiksel takwas-takwas, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ido ba zai nema ba. Kaushi kuwa gaba ɗayansa ƙananan bambance-bambance ne. Shi ya sa fayil mai kaushi ya fi nauyi, kuma shi ya sa idan ka ɗora shi a Facebook ko Instagram ko ka tura ta WhatsApp, suka sake matse shi, lallausan yashin nan ke komawa dabbare-dabbare. Masu bidiyo sun sha wannan wahala har tsarin AV1 na 2018 ya zo da dabarar cire ɓarɓashin kafin a matse, a aika da bayaninsa kawai, na'urar mai kallo ta sake ƙirƙiro shi. Mai hoto ba shi da wannan gata a shafukan sada zumunta. Abin da ya rage masa shi ne ya rage hoton da kansa zuwa girman da shafin ke nunawa, ya ɗan ƙara wa ɓarɓashin girma, ya gwada ɗorawa ya gani a waya kafin ya saki.

Ina ake samun kaushin? Akwai na kyauta da na sayarwa birjik, sai dai hoton bango ma yana da mai shi, kuma ganinsa a Google ba izini ba ne. Duba lasisi. Mai alamar CC0 an sake shi ga kowa, wasu kuwa suna neman a ambaci mai su ko sun hana kasuwanci da su. Ni dai na fi son mutum ya ɗauki nasa, kuma wayar hannu ta isa. Ka tsaya daidai saitin abin, kar ka karkace, don gefe da gefe su yi kaifi ɗaya. In kana son tuddai su fito, nemi lokacin da haske ke shafar wurin daga gefe, da sassafe ko da la'asar. In lallausan abu kake so, ranar da gajimare ya rufe rana ta fi. Wanda ka ɗauka da hannunka ka san inda haskensa ya fito, kuma ba za ka gan shi a hotunan mutum dubu ba.

Wuri ɗaya ne ba na yarda a kai wannan aiki, shi ne hoton labari ko na shaida. Manyan kamfanonin dillancin labarai da gasar World Press Photo sun hana ƙara wani abu ko cire shi daga hoto, kuma suna da gaskiya. Tsagar da ka ɗora a bangon gidan da ba shi da ita ƙarya ce, ko da ta yi kyau. Tsufan da ka shafa wa hoton jiya yana iya sa wani ya ɗauke shi tarihi ya yaɗa.

Shi kuwa hoton dattijon, a ƙarshe falle uku ya tashi da su. Simintin na cire masa launi, na juya shi ya bi hasken hagu, na sa shi a Multiply don farin bango ya kama, na rufe shi daga jikin mutumin, na ɗan dusar da shi daidai da nisan bangon, na sauke ƙarfinsa zuwa wajen kashi 35. Na ƙara wata lallausar takarda a Soft Light da ta rufe ko'ina don ta haɗa mutum da bayansa, sai ɓarɓashi a sama. Na ajiye fayil mai falle-falle daban, na fitar da JPEG daban, na tafi na bar shi har washegari, domin idon da ya daɗe a kan hoto yakan saba da yawa har ya ga kamar kaɗan ne. Da safe na kashe fallen simintin na kunna, na kashe na kunna, na ƙara rage shi zuwa 25. Da 'yarsa ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai a kan bango ba, tambayata kawai ta yi yadda aka yi idanunsa suka fito haka.